Amarya a Gonar Hatsi

"A ɗaga auren? Kuma dai, Raƙiya?!"

Sha'ibu ya kashe babur ɗinsa a ƙofar gidan gwaggona da ke Tawa, gumi na bin wuyansa duk da ruwan da aka sha da safe. Saura kwana huɗu a ɗaura mana aure a garinmu Kalfu.

"Masoyi, ka saurare ni..."

"A Agusta kunka ce hanya ta yanke, na yi haƙuri. Yanzu dangina sun taso tun daga Damagaram. Mi zan ce musu?"

"Ka ce musu hatsin Baba na ruɓewa a gona!"

Gaskiya na faɗa. Satumbar bana ta ƙi sallamar damina. A yi ruwa, rana ta fito da zafi kamar bakin murhu, kafin ƙasa ta sha iska wani hadarin ya haɗo. Daga Kalfu har Tebaram kuka ɗaya ake yi, hatsi ya nuna amma babu ranar shanya. Yayyena biyu suna ci-rani a Abijan, Baba kuma katangar gida ta faɗo masa a ƙafa.

"Ni ko hatsi?" Ya tambaya a hankali.

"Kada ka sa ni zaɓe, don Allah..."

Ya tada babur ya tafi, ni kuma na hau motar Kalfu ina kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa.

Kwana uku ina gona tare da Inna da ƙanwata Habi. Amaryar da ya kamata a ce tana cikin lalle, ga ta da wuƙar yanka a hannu, taɓo har idon sawu. Abin da muka yanka jiya, yau mu tarar ya fara baƙi, wani har ya tsiro. Kowa a gari ta kansa yake yi, balle a samu gayya.

Wayata na ɗaure a bakin zane. Na duba ta ya fi sau ɗari, ko kiran kuskure babu. Tsoro nake ji, tsoro sosai. Sha'ibu ba mai faɗa ba ne, kuma irinsu idan suka juya baya ba su waiwaye.

"Ɗiyata, koma Tawa ki ba shi haƙuri," in ji Baba daga kan tabarma. "Hatsi wata shekara a samu."

"Bana fa, Baba? Mi za ku ci?"

Ya kau da kai.

Ranar Asabar, ranar da aka sa za a ɗaura auren, da hantsi gabas ta yi baƙi ƙirin. Ina tattara zangarniya, sai Habi ta ƙwalla ihu.

"Yaya! Dubi ƙorama!"

Maza ne sun kai ashirin suna ratso ruwa, wanduna a naɗe, manyan riguna a kafaɗa. Sha'ibu ne a gaba, ɗauke da tamfol ɗin rumfar biki a ka. Bayansa kawunnansa ne da abokan aikinsa na asibiti.

Na tsaya kamar an dasa ni.

"Kwana biyu na yi ina hushi," ya ce yana haki. "Na ukku na yi ina roƙon mutane. Ina wuƙaƙen?"

Wayyo, ma'aikatan birni! Wani ya yanke yatsa, wani ya ɗaura damin da ya watse kafin a ɗaga. Amma kafin ɗigon farko ya sauka, abin da ya tsira na gonar yana kan gadon itace, an ja masa tamfol. Kashi ɗaya cikin uku ya riga ya tafi, wannan kam sai haƙuri.

A kan amalanke aka kawo Baba. Ya daɗe yana kallon tarin, sannan ya kalli Sha'ibu da ke tsaye jiƙe sharkaf.

"Yaro, sassauta gehen nan. Hatsi na son iska."

"To, Baba."

Baba ya share ido da bakin rawani, ya juya wajen kawun Sha'ibu.

"Alhaji, goronku ya jiƙe?"

"Yana cikin leda."

"To a kira liman. Ba ni kwana da bashin yaron ga."

Inna ta saki guɗa cikin ruwan sama. Na dubi tafin hannuna, babu lalle, sai kanta da taɓo. Sha'ibu ya buɗe nasa ya nuna mini daga nesa, iri ɗaya ne.