Ruwan Zafin Bayan Katanga

Ranar Litinin da hantsi, Sufeto Albarka bai gama kurɓar kununsa ba Injiniya Lukuman ya faɗo ofishin 'yan sanda na Kalgo, yana haki, hularsa a hannu.

"Yallaɓai, an yi mana sata a gidan casa. An kwance bututun tagullar da na ɗaura."

A shekarar nan dizal da kananzir sun yi ɓatan dabo. Kowa ya koma itace, itacen ma ya gagari talaka. Ƙaramar hukuma ta ɗora wa Lukuman aikin rage shan mai a sakatariya da rijiyoyin burtsatse da injinan casar shinkafa. Saurayi ne mai himma, irin wanda in ya ga fitila a kunne da rana sai ya shiga ya kashe ta, ko da kuwa ba gidansu ba ne.

A gidan casar, wanda na ƙungiyar manoma ne, Lukuman ya yi bayani yana nuni da hannu.

"Injin nan ruwan sanyi yake sha, ya fitar da shi tafasasshe. Da can ta magudana ake zubar da shi, sannan a sayi itace a dafa wani ruwan don turara shinkafa. Ka ga asara biyu. Shi ne na ja bututu daga injin zuwa tukwanen turara. Ba don haka ba, da tuni an rufe gidan nan."

Sufeto ya zagaya. Kwaɗon ƙofa lafiya lau. Ga duron dizal nan, ba a taɓa shi ba. Dogon bututun ma yana nan, guntuwar mahaɗarsa kawai aka cire. A bakin wurin ya ga ƙyallen atamfa ya ƙone ya manne, sai ya ɓamɓare shi ya sa a aljihu.

"Ɓarawon naku dai bai iya ciniki ba," in ji Sufeto. "Wa ke riƙe da makulli?"

"Baba Bawa, mai tada injin."

Tsohon yana zaune a gefe yana goge hannu da tsumma. Ko kafin a tambaye shi ya miƙe.

"Ni na ɗauka, ranka shi daɗe. Mu je."

Kai! Sufeto ya daɗe a aikin ɗan sanda, amma bai taɓa ganin ɓarawon da ke gaggawar zuwa ofis haka ba.

A ofis ya zaunar da shi, ya sa aka kawo masa ruwa.

"Yaushe ka kwance shi?"

"Ran Juma'a, da aka kashe inji kowa ya tafi masallaci."

"Da zafinsa ke nan?"

"Da zafinsa."

"Ina ka kai shi?"

"Gwandu. Na saida ma wani a kasuwa, ban san sunansa ba. Gidan surukina Lawal na kwana."

"Miƙo hannuwanka, Baba."

Hannuwa ne baƙaƙe wuluk da man inji, sun yi kanta, amma babu ƙuna ko ɗigo.

"Baba, ka san kayan hukuma ne? Gobe kotu za a kai ka. In ka maimaita wannan magana gaban alƙali, gidan yari za ka."

"Na sani."

Aka shigar da shi bayan kanta. Ran Sufeto ya ɓaci sosai, don ya tabbata tsohon ƙarya yake yi, kuma ƙaryar za ta ɗaure shi.

Ya koma gidan casar, amma wannan karon bai shiga ba. Magudanar ya bi, ya zagaya bayan katanga. Tunda an cire mahaɗar, ruwan injin ya dawo nan, yana kwarara yana tururi. A cikin taɓo ga sawun ƙananan ƙafafu, ga shatin gindin tuluna birjik. Ya durƙusa ya tsinci wani ganye da ya yi laushi. Runhu ne. Duk namijin da aka taɓa yi wa haihuwa ya san shi, da shi mai jego ke fyaɗa ruwan zafi a jiki safe da yamma. Sufeto ya tuna irin itacen da ya sha saya lokacin da matarsa ta haihu.

Motar haya babu, sai ya hau babur ɗin ofis ya nufi Gwandu.

A tasha motoci sun yi layi, ko ɗaya ba ta motsi. Aka nuna masa Lawal direba, kwance a inuwar bas ɗinsa.

"Surukinka ya ce gidanka ya kwana ran Juma'a."

Lawal ya tashi zaune. "In Baba ya ce haka, haka ne."

"Ba abin da ya ce na tambaye ka ba. Me matarka ta dafa masa?"

"Ai... ba ta nan. Tana Kalgo wankan gida. Haihuwar fari ce."

"Masha Allah, Allah ya raya. Ka aika itacen jego?"

Shi ke nan, sai ga ƙato ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a gwiwarsa.

"Yallaɓai, tun kafin Zulai ta haihu motar nan ba ta motsa ba. Da mi zan saya? Tun ranar suna kunya ta hana ni komawa. Baba bai zo nan ba. Ni ban ma da idon da zan kalle shi."

Sufeto ya dafa kafaɗarsa. "Ka nemi hanya ka je ka ga ɗanka. Kunya ba ta raino."

La'asar ta yi lokacin da ya yi sallama a gidan Bawa. Larai, matar tsohon, ta ba shi izini ya shigo tsakar gida. Murhu a sanyaye, ko ƙirare babu a gidan, amma tururi na tashi daga bayan ɗaki. A cikin ɗakin jinjiri yana ta ƙananan kukansa. Hannun Larai na dama cuɗe da lalle, an naɗe shi da tsumma.

"Inna, sannu da hidima. Yaya mai jego?"

"Lafiya lau, ɗan nan."

"Lallen hannu ɗaya ake yayi yanzu?"

"Tukunya ce ta ƙone ni."

"A wane murhun?"

Ta dube shi, ta dubi murhun. Sufeto ya zaro ƙyallen atamfar ya ajiye a kan tabarma. Irin zanen da ke jikinta ne sak.

"Inna, Baba Bawa ya ce shi ya ɗauki bututun. Gobe za a kai shi kotu."

"Kotu?" Ta dafe ƙirji. "Aiko mini ya yi wai bayani kawai yake ba ku! Malam? Wannan da ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba? Innalillahi!"

Ta zauna daɓas, maganar ta ɓalle.

"Tun da aka kafa injin nan, duk macen da ta haihu a unguwar ga da ruwansa take wanka. Ba mu roƙi kowa ba, zubar da shi ake yi. Rana ɗaya muka je da tuluna, magudana ƙaf. Ga yarinyar nan da ɗanyen jiki. Na ƙona turmina, na ƙona kujerata. In bar ta ba wanka sanyi ya shige ta? Ran Juma'a Malam ya tuɓe rigar aiki ya sa ta masallaci, makulli na aljihu. Ni ke kai masa abinci tun ina amarya, na ga yadda ake murɗa ƙarfen. Abin da ban sani ba, ashe zafinsa ya kai haka."

Ta shiga ɗaki ta jawo mahaɗar daga ƙarƙashin gado. Ta wanke ta da toka, sai sheƙi take yi.

"Ga kayansu. Da ta gama wankan jego zan mayar. Amma don Allah, ɗan nan, bari in yi mata na yamma."

Doka ba ta tanadi haka ba. Sufeto ya koma zaure ya zauna, yana jin ƙarar ganye da ruwa, har ta gama. Da ta fito da mayafinta, bai taɓa ankwa ba. Ya bar ta ta wuce gaba, shi yana biye yana tura babur, kai ka ce ɗa ne ya rako uwarsa unguwa.

A ofis suka tarar da Lukuman. Da ya ji yadda aka yi, idonsa ya ciko.

"Wallahi, Inna, ban taɓa zagayawa bayan katangar nan ba. Zan sa famfo a jikin bututun, safe da yamma a buɗe muku. Ƙarar ma zan nemi a janye."

"Sai shugaban ƙaramar hukuma ya sa hannu," in ji Sufeto a hankali. "Kafin nan dole ta zauna a wurinmu."

Aka buɗe wa Bawa ƙofa. Da ya ga matarsa, sai ya riƙe ƙarfen ƙofar gam.

"Ba inda za ni. Larai, mi ya kawo ki? Ai na riga na amsa."

"Ka amsa mi? Kai ko ƙarya ba ka iya ba. Fito, Malam, mutane na jiran injinsu."

"Wa zai yi wa yarinyar wanka?"

"Na bar ma Ladi maƙwabciya amana."

Tsohon ya saki ƙarfen, hawaye na bin gemunsa. Ta raɓa ta gefensa ta shiga, ta shimfiɗa mayafinta a kan bencin da ya tashi. Kofur mai gadin kanta ya ɗauko makulli yana kau da kai.

"Malam," ta kira shi. "Yau kai za ka kawo mini tuwo. Kada ka bari ya ƙone."