Kibiya, Faifai da Akwati

Ranar kasuwa ce a Gaya, irin ranar da 'yan kabu-kabu ba sa ga maciji da masu tafiya a ƙasa. Sha'ibu yana rumfarsa ta gyaran waya a bakin hanyar gada, ya sunkuya kan aiki, sai ya ji sallama. Da ya ɗaga kai, ɗan sukurun da ke hannunsa ya faɗi ƙasa, har yau ba a gan shi ba.

"Kai na mai gyaran portabul?" in ji wata budurwa da ke tsaye a gabansa.

"Ni na. Ko da ba ni ba na, yau sai in koya."

Ta kau da kai don kada ya ga murmushinta. Sunanta Zuhura, tela ce, 'yar Malam Labo dillalin shinkafa. Wayar mahaifinta ta kawo, buhu ya faɗo mata ya fasa gilashin.

Yana canza gilashin tana yi masa kashedi. "Ka yi hankali hwa. Baba abu ukku ya sani cikin wayar ga, butocin nan na ƙasa. Har suna ya sa musu. Wanga kibiya, ita ka maishe shi baya. Na tsakiya faifai, shi ka kai shi gida. Na ƙarshe akwati, shi kam har yau bai san amfaninai ba."

Sha'ibu ya yi dariya, ya kuma ja aikin iyakar ja, amma gyaran gilashi ba ginin gada ba ne, dole ya ƙare. Ya roƙi lambarta, ta ce, "Lambar mi? Ni da na kawo gyara?"

A nan ne shaiɗan, wanda shi ma ba ya fashin kasuwa, ya raɗa masa dabara. Sha'ibu ya shiga saitin wayar, ya cire butocin nan uku, ya mayar da ita irin ta zamani wadda sai an ja yatsa daga gefe ko daga ƙasa take motsi. Abin bai kai ƙiftawar ido ba. A ransa ya ce wasa ne, gobe za ta dawo ya gyara, ya ƙara ganin fuskar nan.

Da Zuhura ta isa gida ta tarar da Bashir a zaure tare da mahaifinta. Bashir ɗan mai kamiyo ne, manyan motocin nan na dakon kaya, ya daɗe yana zarya a kanta, Malam Labo kuma ya fi karkata gare shi. Bashir ɗin ne ya fara karɓar wayar wai zai duba aikin. Da yake tasa ma haka take, sai ya yi ta shafa ta sama da ƙasa ba tare da ya lura da komai ba, yana cewa, "Baba, ai yanzu haka aka yayi, an daina danne-danne."

Bayan ya tafi, Malam Labo ya kunna wani wa'azi, ya ji abin da zai ji, ya nemi kibiyarsa ya rasa. Ba faifai, ba akwati. Ya danna nan, ya danna can, malamin cikin waya sai ƙara ɗaga murya yake.

"Zuhura! Zo ki ga abin da yaron ga Bashir ya yi mini!"

Ta karɓa ta duba, ta yi jim, sannan ta ce, "Baba, sai dai gobe in maida wa mai gyara."

Tsohon ya ja tsaki, ya kashe wayar gaba ɗaya, ya jefa ta aljihun wata riga da ke rataye.

Washegari Zuhura ta dawo rumfa, Sha'ibu ya tarbe ta da fara'a har kunne. Ya kunna wayar, ya mayar da butocin, ya kuma samu lambar da yake nema. Suna cikin hira sai saƙonni suka fara shigowa wayar tsohon, ɗaya bayan ɗaya, duk daga mutum guda: Lawali Yelu.

Lawali ɗan Mahamadu ne, Mahamadu kuwa aminin Malam Labo ne tun suna koran tsuntsu a gonakin shinkafa, abokin wasan da ba sa haɗuwa su rabu ba su zagi juna ba. Ciwo ya taso wa Mahamadu jiya da la'asar, ya ce a kira masa Labo. An kira, an sake kira, waya a kashe. Cikin dare ya cika, da safe aka kai shi makwancinsa.

Malam Labo ya hau mota zuwa Yelu, ƙasar kabari kawai ya tarar. Ya dawo ya yi kwanaki ba ya cin abin kirki. Da Bashir ya zo gaisuwa, ko tabarma ba a shimfiɗa masa ba.

"Wa ya aike ka ka taɓa mini waya? Iyayinka ya hana ni sallama da ɗan'uwana."

Bashir ya yi ta rantsuwa, ba wanda ya saurare shi. Ai kowa ya ji shi da bakinsa yana cewa an daina danne-danne.

Sha'ibu ya ji labarin duka daga bakin Zuhura. Ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi idanunta, ya rufe. Wannan shirun shi ya fi laifin farko nauyi, kuma ya sani.

Soyayya dai ba ta jiran kowa. Kafin shinkafa ta nuna a fadama, saƙo ya zama abincinsu.

"Tauraruwata, yau na gyara waya kusan goma, amma duk wadda ta yi ƙara sai in zaci ke ce."

"Makanikena, ka rage daɗin baki kada ƙudan zuma su bi ka. Ka ci abinci?"

"Ban ci ba, ina jiran ki ce in ci."

"To na ce. Kuma Inna ta ce tana gaishe ka."

Malam Labo, wanda a da yake cewa gyaran waya ba sana'ar riƙe iyali ba ce, yanzu ba shi da na biyun Sha'ibu. Duk wanda ya zo zaure sai ya nuna shi ya ce, "Ga yaron da ya maido mini kibiyata. Da tun farko shi kaɗai ya taɓa ta, da na ga Mahamadu da rai." Sha'ibu sai ya sunkuyar da kai, mutane su ce kai, yaron nan akwai kunya. Ba kunya ba ce, laifinsa ne ke cinsa.

Ya rame. In ya hango Bashir a tasha sai ya sake hanya. In wani dattijo ya kawo waya gyara, sai ya zauna ya yi ta koya masa butoci har dattijon ya gaji ya ce shi fa kasuwa ya zo.

Ran da Malam Labo ya ce ya turo magabatansa, ranar ce ya kamata ya fi kowa murna a Gaya. Sai ga shi ya rubuta wa Zuhura: "Ina so mu yi magana kafin kawunaina su zo. In kin ji ta, wataƙila ba za ki ƙara ce mini makanikenki ba."

Da la'asar suka zauna a ƙofar gida, inda suka saba. Bai yi kwana-kwana ba.

"Zuhura, ba Bashir ya cire butocin Baba ba. Ni na cire su, da gangan, don ki dawo rumfata. Ni na hana shi ganin amininai. Kuma na bari aka ɗora wa bawan Allah laifina, don na ga hakan ya buɗe mini hanya."

Ya jira zagi, ko ta tashi ta shige gida. Sai ya ga ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Na sani," in ji ta da kyar. "Tun ranar na gane. Sha'ibu, ni ma hwa na iya maido su. Da Baba ya miƙo mini wayar, taɓawa biyu ya rage in gyara mishi. Sai na ce sai gobe, don ni ma ina so in koma in gan ka."

Ashe duk watannin nan kaya ɗaya suke ɗauke da shi, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa. Ba daɗi suka ji ba, amma aƙalla yanzu akwai wanda za a yi kuka tare da shi.

"In mun hwaɗa, auren ga ya tashi," in ji ta.

"In ba mu hwaɗa ba, da wane ido za ni ci tuwon gidanku har tsufana?"

Washegari da hantsi suka durƙusa gaban Malam Labo, Inna Bibata, mahaifiyar Zuhura, tana tsaye bakin ƙofa. Sha'ibu ya faɗi nasa. Ya so ya tsaya nan, amma Zuhura ta karɓe ta faɗi nata.

Tsohon bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya daɗe yana kallon 'yarsa, sannan ya ce wa Sha'ibu, "Ka ce wa kawunanka su yi zamansu. Tashi ka ba ni wuri."

Sha'ibu bai wuce rumfa ba, tasha ya nufa. Ya samu Bashir cikin direbobi, a gabansu ya faɗi gaskiya ya nemi gafara. Bashir ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ka cuce ni, Sha'ibu. An yi ta nuna ni da baki cikin garin ga. Maganar yahiya kam sai na huce." Ya juya masa baya. Daga nan Sha'ibu ya hau mota zuwa Yelu, ya yi wa Lawali ta'aziyya, ya gaya masa dalilin da ya sa waya ta kasance a kashe, don kada iyalan mamacin su ci gaba da zaton Malam Labo sakaci ya yi.

Saƙo ya ɗauke tsakaninsa da Zuhura, sai guda ɗaya da ta aiko: "Baba ba ya amsa gaisuwata da baki, sai da kai. Kada ka kira ni. Ka yi mana addu'a, makanikena."

Aka girbe shinkafa, aka sussuke. Wata safiya Inna Bibata da kanta ta tsaya a rumfar Sha'ibu ta ce Malam yana kiransa.

Ya tarar da tsohon a zaure, waya a hannu, Zuhura a rakuɓe gefe.

"Lawali ya zo ya hwaɗa mini ka je Yelu. Bashir ma na kira shi na ba shi haƙuri, don ni ma na zalunce shi." Ya juya wayar. "Cikin saƙonnin ranar nan akwai guda da ban buɗe ba. Lawali ya ce muryar Mahamadu ce, da kainai ya yi mini bokal, saƙon murya. Na kasa ji. Ina tsoron in ji yana kirana ban zo ba. Ku kuka hana ni ji a kan kari, to ku zauna mu ji tare. Kunna."

Sha'ibu ya karɓa ya danna. Wata murya ta fito, a gajiye, numfashi na sarƙe ta, amma da sauran tsiya a cikinta.

"Labo baƙauye. Na san waya ta sake fin ƙarhinka ka kashe ta. Tun muna yara kai na mai zuwa bayan an suɗe ƙwarya. To ka ji, in ba ka iske ni ba, kada ka zamna kana neman mai laihi, na san halinka. Na yahe maka tun ba ka roƙa ba, kai ma ka yahe mini kifin nan naka da na cinye na ce mage ce. Kuma ɗiyar nan tawa Zuhura, ka ba ta wanda take so, kada ka tsaya taurin kai irin na jakinku."

Malam Labo ya fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ya sa hannun riga ya rufe ido. Zuhura da Sha'ibu kuwa tuni hawaye ya wanke musu fuska.

"Ashe shi ya cinye kifin," in ji tsohon, yana share gemu. "Kun ji ɗan banza, yana kwance ma sai da ya ba ni oda." Ya numfasa. "Abin da kuka yi ya yi mini ciwo, kuma ba zai bar yi ba. Amma kun zo da ƙahwahunku kun hwaɗa, alhali da kun yi shiru da ba mai sani. Sha'ibu, ka ce wa kawunanka ina jiransu."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Mutanen Yelu suka cika mota guda, Lawali ne ma ya zauna a gurbin mahaifinsa cikin waliyyan amarya. Bashir bai zo ba, amma kamiyonsa ne ya kwashi kayan ɗaki.

Da za a tafi da amarya, Malam Labo ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya ba ku zaman lahiya da zuri'a ta gari. In kun yi wa juna laihi, kada ya kwana." Sannan ya laluba aljihu ya miƙa wa ango wayarsa.

Sha'ibu ya karɓa da sauri yana dubawa. "Wani abu ya samu butocin, Baba?"

"Suna nan, kuma ka ƙara taɓa su sai na karya maka yatsa. So nike ka aje mini muryar nan inda ba za ta ɓace ba. Kullum da sahe sai ya zage ni sannan nike karya kumallo."