Gyalen Fada a Ƙarƙashin Tabarma

Da hantsi Maiwada, katikis na ƙaramar cocin Katolika da ke kwatas ɗin ma'aikatan dam na Bakolori, ya shigo caji ofis na Talata Mafara yana haki.

"Ranka shi daɗe, an sace gyalen da Fada, limamin cocinmu, ka ratayawa ga wuya," ya ce wa Sufeto Sallau. "Kuma na san ɓarauniyar. Mariya ta, mai tuwon leburori."

"Mi za ta yi da shi?"

"Fidda iskoki. Aikin da ba mai yi nai sai Fada, shi ma sai Bishof ya ba shi izini. In ta tabbata, korar ta za a yi daga coci."

Sufeto bai san komai game da coci ba, amma ya san mutumin da ya zo ƙara yana murna. Ya kira Kofur ɗinsa, suka ɗauki Landiroba.

A coci, akwatin Fada na nan, kwaɗonsa lafiya lau. A ciki akwai gyale uku, har da wani fari mai zaren zinariya.

"Wa ad da makulli?"

"Fada, yana Gusau. Sai ni. Wataƙila na mance ban kulle ba."

A rumfar Mariya mutane sun yi layi suna jiran addu'a, wasu tun daga Bakura da Maradun. Kofur ya ɗaga tabarmarta, sai ga gyale tsoho, shunayya, a ninke tsaf.

"Ni ban fidda iskoki, yallaɓai," in ji Mariya. "Hannu nika riƙe musu in yi addu'a. Fada ya ce kowa na iya wannan."

Abin ya tsaya wa Sufeto a rai. Wane irin ɓarawo ne zai bar mai zinariya ya ɗauki tsumma? Ya sa aka ɗauko na akwatin, aka shimfiɗa gyalen huɗu a kan benci.

"Mariya, wanne aka sawa in za a fidda iskoki?"

Ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna farin. "Wanga, ina ji. Shi ya fi haske."

Maiwada ya bushe da dariya. "Kun gani? Jahila! Fari na biki na. Shunayya aka sawa, duk wanda ya yi karatu ya sani."

"A kwatas ɗin ga mutum nawa sunka yi karatun?"

Dariyar ta tsaya.

"Kai ad da makulli, kai ka san kala," in ji Sufeto. "Da farin ka aje mata, da yanzu tana tsare bayan kanta."

Maiwada ya zauna a kan bencin. Hassada ta riga ta cinye shi, har tausayi ya ba Sufeto.

"Shekara ukku ina makarantar katikis," ya ce. "Ran Lahadi in buga ƙararrawa, mutum bakwai su zo. Ita ko baƙi ba ta sani, ga layi har bakin hanya. Ni na aje shi."

Kofur ya sa masa ankwa. Mariya ta biyo su har gindin mota.

"Malam, in riƙe maka hannu in yi maka addu'a?"

Ya dubi layin mutanen, ya kau da kai. "Kofur, mu tafi."