Lens Ɗin da Ya Shiga Ɗakin Kaka

Auta na tsaye a falo tana goge wa Abba riga, sai ga Yaya Babba ya shigo yana kaɗa makullin mota.

"Ke Auta! Na ji wai mutumin naki ya fasa idon kyamararsa?"

"Lens ne ya faɗi, Yaya. Zai sayi wani."

"Da me zai saya? Da murmushi?"

Umma ta leƙo daga kicin. "Kai dai ba ka gajiya da tsokanar yarinyar nan."

Ai wannan ya wuce tsokana. Auta da saurayin nata, Mai Hoto, tare suka gama jami'a bara. Abokansa na yawon neman aikin ofis, shi ya rataya kyamara ya kama ɗan shago. Ya nemi aurenta, Abba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ga Kaka, mahaifiyar Abba, ta ce tana son hoto ɗaya tak da 'ya'yanta da jikokinta gaba ɗaya tun tana da sauran ƙarfi. Abba ya ce, "A ba yaron nan aikin. In na ga yadda yake riƙe amana, zan ba shi amsa."

Yaya ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa. "Ranar aurena kin ga mai hoton da ya zo? Lens ɗinsa fari, dogo kamar taɓarya! Wannan shi ne kilas. Ki gaya wa naki ya sayi irinsa, ni zan ranta masa. In kuwa ya shigo mana da ɗan gwangwani gaban dangi, wallahi da bakina zan sa Abba ya ce a'a."

Washegari Auta ta bi Mai Hoto shagon kayan kyamara. Tun daga ƙofa ta hango farin dogon a cikin gilas yana sheƙi.

"Ga shi can! Shi za ka ɗauka, ko?"

Ko kallonsa bai yi ba. Ya ce wa mai shago ya miƙo masa wani baƙi madaidaici, wanda aka ɗan yi amfani da shi. Ya haska shi da tocilan waya ta gaba da ta baya, yana neman hazo ko ƙarzuwa. Ya ɗaura a kyamara, ya murɗa zum ɗin, zoben da ke jawo hoto kusa ko nesa, a hankali daga farko har ƙarshe, ya kara kunne ya ji ko yana ƙara in yana saita hoto. Ya ɗauki hoton shagon gaba ɗaya, ya murɗa, ya ɗauki lambar wata mota can tsallaken titi.

"Kin gani? Na kusa da na nesa, duk shi kaɗai. Yana rage rawar hannu, ba nauyi, kuma bai fi ƙarfin aljihuna ba."

"Amma Yaya ya ce..."

"Ranki ya daɗe, wancan na filin ƙwallo ne da tsuntsun da ke kan bishiya. Ni yau ina makaranta, gobe ina shagon tela, jibi ina falon mutane. Kuma ba zan fara shiga gidanku da bashin yayanki a wuyana ba."

Mai shago ya sa baki. "Gaskiya dai, ƙanwata, wannan ɗin yana da aibi ɗaya. Ba ya son duhu."

"Ka ji ko!" Hawaye suka zubo mata. "Kai lens kake zaɓa, ni aurena nake gani yana tafiya! Girman kai ne kawai ke damunka!"

Ta share ido. Sannan ya tambaye ta, "Tagar ɗakin Kaka, rana na shiga ta nan da safe ko da yamma?"

"Ina ruwan taga da maganar da nake yi maka?"

"Don Allah."

"Da safe," ta ce, ta fice ko sallama babu.

A kwanakin da suka biyo baya ta sha magana. Matar Yaya na ganinta sai ta ce, "Amaryar gwangwani, ina kwana?" Gwaggo ta ja ta gefe tana ba ta labarin wani ɗan ƙawarta mai aikin banki. Auta ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Amma da ta tuna yadda ya haska gilashin nan a natse, kamar likita na duba ido, sai zuciyarta ta yi sanyi. Ta kira shi.

"Sori. Me kake so in yi?"

"Ranar, ki cire labulen ɗakin Kaka, ki goge tagar tas."

"A tsakar gida fa za a yi hoton."

"Kin ce ƙafarta na matsa mata. Mu shirya wa duka biyun."

Ranar ta zo, gida ya cika da dangi. Yaya ya iso da nasa mai hoton na haya, riƙe da farin dogon lens, yara na bin sa a baya. Mai Hoto na gefe da 'yar jakarsa, yana gaida manya a durƙushe. An jera kujeru a tsakar gida, aka je ɗauko Kaka. Ta yunƙura, ƙafa ta ƙi.

"Ni fa ba inda za ni," in ji ta. "Mai son hoto da ni ya same ni a nan."

Aka ɗunguma ɗakin Kaka, wanda gado da kabad suka cinye rabinsa. Na haya ya ɗaga kyamara, ya ja baya, ya ƙara ja, har ƙeyarsa ta bugi bango.

"Me ka samu?" in ji Yaya.

"Hancin Hajiya, yallaɓai."

Ɗaki ya kwashe da dariya, har Kaka.

"To canza wani mana!"

"Ai kai ka ce in zo da babban kawai, kada in kwaso tarkace."

Abba ya juya ya dubi Mai Hoto. "Bismillah, yaro."

Hasken safiya na kwarara ta tagar da Auta ta goge. Mai Hoto ya sa dogaye a baya, ya zaunar da yara a bakin gado, ya tsaya a ƙofa ya buɗe zum ɗin har ƙarshe. Ƙyas! Kowa ya shiga, har jaririn matar Yaya. Ana shirin watsewa Kaka ta miƙa hannu ta shafa kan Abba kamar yadda take yi masa yana yaro. Da a ce sai ya canza lens, da kafin ya gama abin ya wuce. Shi kuwa murɗawa ɗaya ya yi. Ƙyas!

Ya miƙa wa Abba kyamarar. Abba ya daɗe yana kallon sikirin ɗin: hannun tsohuwa mai jijiyoyi a kan furfurarsa. Ya cire tabarau ya goge ido.

"Ta yaya aka yi ka san za a ƙare a ɗaki?"

"Ban sani ba, Abba. Na dai shirya. Taga kuma aikin Auta ne."

Abba ya gyaɗa kai. "Ka turo magabatanka."

Auta ta ji kamar ta yi tsalle ta taɓo silin, amma ta daure ta sunkuyar da kai. Yaya ya sosa ƙeya ya matso.

"To, surukina... ɗan gwangwanin nan naka, zai iya ɗaukata ni kaɗai kusa da mota?"

"Har da lambar motar, Yaya!"

Yau hoton nan na rataye a falonsu, kuma duk baƙon da ya shigo sai Auta ta kai shi gabansa tana ƙafafa, ta ce, "Mijina ya ɗauka." In 'yan matan dangi suka tambaye ta sirrin, amsarta ba ta canzawa: kada su auna mutum da girman abin da ya rataya a wuya. Su duba ko ya san aikinsa, ko ya tsaya daidai ƙarfinsa, sannan su yi haƙuri da surutun dangi, domin surutu na ƙarewa, aiki mai kyau kuwa ga shi nan a bango.