Kukan da Ke Cikin Akwatin Ikilima

Karo na bakwai ke nan Ikilima ta danna maɓallin.

Kwamfutar ta ɗauka, allon ya yi haske, rubutu ya fara hawa. Sai kukan nan ya taso daga cikin akwatin, ƙarr... ƙarr... kamar ana jan farce a bayan kwano. Kafin ta ƙirga ashirin, allon ya yi baƙi ƙirin.



A bakin ƙofa Gwaggo Bilki, yayar mahaifinta, tana tsaye riƙe da labule. Ta ce ai tun ranar da aka shigo da abin nan ta faɗa, ba a ji ba. Ƙarfe ba ya kuka sai da dalili. Yaron Gwarzon nan ba kyauta ya kawo ba, wani abu ya aiko cikin gida, kuma ga shi ya fara motsi.

Yaron Gwarzo shi ne Mahbub, mai gyaran waya da kwamfuta. Wata uku da suka wuce ya ɗauro wannan akwati a bayan babur har Kabo, ya ba Ikilima don ta riƙa tsara wa mata katin biki. Jibi Juma'a magabatansa za su kawo gaisuwa. Ita kuwa Gwaggo tana da ɗa, Uwaisu, wanda sau biyu Ikilima ta faɗa masa cikin ladabi cewa yaya ta ɗauke shi.

Magana ta isa kunnen Malam Sabi'u, mahaifinta. Mutum ne da ba ya maimaita zance. Ya zo da kansa ya saurari kukan, ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya ce ba zai karɓi goron mutumin da kayansa ke gurnani a gidansa ba, sai ya san abin da ke ciki.

Ikilima ta shige bayan rumbu ta kira Mahbub a waya tana kuka.

"Sahibata, share hawayenki," ya ce. "Inji ne. Inji ba ya ƙarya."

Ya sa ta koma ɗaki ta cire duk wayoyin da ke jikin akwatin, ta bar ta wuta da ta allo kawai. Ta kunna, ya mutu. Ya ce ta sake soket. Ya mutu. Ya tambaye ta yaushe abin ya fara, ta ce tun dawowarta daga bikin Garo, inda ta kwana biyu. Ya ce ta kai tafin hannunta bayan akwatin ta ji ko iska na fitowa.

Babu iska. Sai zafi kamar bakin murhu.

Ya ce fankar ciki ce ba ta juyawa, shi ya sa ƙwaƙwalwar injin ke ɗaukar zafi ta kashe kanta kafin ta ƙone. Wani abu ne ya tokare ta. Gobe bayan la'asar zai zo ya buɗe a gaban Baba.

Da Gwaggo ta ji za a buɗe, sai ta sake waƙa. Ta ce ba a tona irin wannan a gidan da akwai mutane. A ɗaure shi a buhu a mayar wa mai shi, shi ke nan. Malam Sabi'u ya ce a'a, a gabansa za a buɗe.

Ranar Alhamis hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu tun rana ba ta faɗi ba. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka jawo waya daga batirin sola. Mahbub ya durƙusa ya gaida Malam, ya tambayi gida da gona da damina, ya gaida Gwaggo ta amsa da hanci. Ikilima na rakuɓe jikin bango, mayafi ya rufe rabin fuskarta.

Ko sukundireba bai buƙata ba, don murfin gefen ba shi da kusa, zare shi kawai ake yi. Ya zare, ya haska fitilar wayarsa ciki.

Hannunsa ya tsaya.

A jikin fankar wata 'yar laya ce, an ɗinke ta da jar fata, zarenta ya nannaɗe fukafukan ya shaƙe su. Gefen fatar duk ya kankare inda fanka ke ta gogarsa.

A waje iska ta kaɗa langa-langar ƙofa.

"Kun gani?" Gwaggo ta ce a hankali. "Sabi'u, ka gani da idonka. Da ma na ce son nan ya yi yawa. Yarinya ba ta ci, ba ta barci."

Mahbub ya rantse da Allah bai san da ita ba. Muryarsa ta fito siririya, irin ta mai gaskiyar da ba shi da shaida. Malam bai ko dube shi ba.

Ikilima ta ƙura wa layar ido. Ta tuna yadda gabanta ke faɗuwa in ta ji ƙarar baburinsa, da yadda take karanta saƙonsa sau goma. Ashe son ba nata ba ne? Ashe saka mata aka yi, kamar yadda ake saka wa akuya igiya?

Gwaggo ta miƙa hannu. Ta ce a ba ta ta jefa a murhu yanzu-yanzu, kada kowa ya kuskura ya kwance, don abin da ke ciki zai bi wanda ya karanta.

Ni mai ba ku labarin nan ban taɓa zama a aji ba, amma na binne sa'o'ina da yawa ina nan daram, kuma abin da shekaru suka koya mini babu shi a littafi: duk wanda ya fi kowa gaggawar a ƙona abu, a duba hannunsa.

Yarinyar nan ma ta gano haka ba tare da furfura ba. Wata uku akwatin na aiki lafiya lau. Mahbub da ya fara cewa a buɗe, shi ne ake zargi. Kuma kwana biyun da ta yi a Garo, wa ya kwana a ɗakinta in ba Gwaggo ba?

Ta matso ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, don Allah ku buɗe ta. Ai ba a rubuta irin wannan sai da suna. In sunansa ne a ciki, wallahi da bakina zan ce ya tafi."

Ta juya ta dubi Mahbub, hawaye na zuba. Bai sunkuyar da kai ba. Ya zaro reza daga jakar aikinsa ya miƙa wa Malam da hannu biyu.

Malam Sabi'u ya yi bisimilla ya farke ɗinkin. Ya warware takardar, ninki bayan ninki, ya matsa bakin ƙofa inda sauran haske yake. Ajami ne da tawadar allo. Leɓɓansa suka yi ta motsi, sannan suka tsaya.

"Ikilima 'yar Sa'ada," ya karanta. Ya ɗago kai. "Uwaisu ɗan Bilki."

Ruwa ya kece a kan kwanon zaure.

Gwaggo ta fara cewa ita alheri ta nufa, zumunci take son ƙullawa. An ce mata ta ajiye a inda yarinya ta fi zama, ita kuwa yarinyar ba ta tashi daga gaban akwatin nan, ina za ta san akwai abin da ke juyawa a ciki? Malam ya ɗaga hannu. Ya ce, Yaya, shiga gida, za mu yi magana. Ta wuce ta gaban Ikilima, ta yi mata wani kallo wanda har yau yarinyar ba ta manta ba.

Mahbub ya tsince sauran zaren daga fankar, ya hura ta, ya juya ta da yatsa. Ya ce da Ikilima ta danna.

Ta danna.

Iska mai sanyi ta fito daga bayan akwatin. Ta ƙirga ashirin, ta ƙirga hamsin. Allon ya buɗe tas, ga katunan matan Kabo a jere kamar yadda ta bar su.

Malam ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce da Mahbub ya gaida magabatansa, gobe bayan masallaci yana gida. Sai ya tashi ya shiga cikin ruwan.

"Kin yi zaton ni ne," Mahbub ya ce ƙasa-ƙasa.

"Na ɗan lokaci..." ta ce. "Ka yafe mini, masoyina. Tsoro na ji kada a ce son ba nawa ba ne."

"Yanzu fa?"

"Ai ka gani. Wata laya ta kwana goma a gabana da sunan wani, ko gezau."

Ya yi murmushi. Ya laluba jakarsa ya fito da kusoshi huɗu, ya mayar da murfin, ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya har sukundireba ta ƙi juyawa. Ita kuwa ta jawo kujera, ta buɗe sabon kati, ta fara rubuta sunaye biyu da hannunta.