Kafa Biyu a Katangar Yahya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Yabo ya tabbata ga wanda Ya halicci mutum da aljan, Ya sanya shamaki a tsakaninsu saboda tausayi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a wani ƙauye gabas da Zakirai akwai wani manomi mai suna Yahya. Gidan da ya gada na ƙasa ne, katangarsa tana da kafa biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, kowace faɗin kamu biyu, suna duban juna. Mahaifinsa bai taɓa yarda a toshe su ba, ko turmi ba a ajiyewa a tsakaninsu, har ya rasu bai faɗi dalili ba. Yahya ya ɗauka hanyar ruwan sama ce. Awakin maƙwabta kuwa ta nan suke shigowa su cinye masa harawa. Shekarar da gyaɗa ta yi kyau, sai ya rushe katangar, ya tayar da ta bulo, ya fitar da rariya ta kudu, ya shafe gabas da yamma da siminti.

Ranar da magini ya kwashe kayansa, da almuru, matarsa Aina'u tana kwashe tuwo. Kaji sun hau, gari ya yi tsit. Sai dutse ya faɗo a gindin murhu. Yahya ya ɗauka ya duba: sumul yake, jiƙe da ruwa, irin na ƙasan gulbi. Rani ne, kuma babu gulbi a ƙasarsu. Na biyu ya faɗo, na uku ya fasa tulu. Daga bayan katangar gabas ya ji kukan jakai da guna-gunin mutane masu yawa, kamar ayarin da aka tsare a ƙofa. Ya leƙa, bai ga komai ba sai gonarsa ta gero, an girbe.

A rana ta uku, 'yarsa Rufaida, mai shekara goma sha huɗu, ta zauna a tsakar gida da kara a hannu tana zane a ƙasa. Tana magana a hankali, idonta bai ƙifta ba.

"Nan gulbi ne, ya taso daga arewa ya karya gabas. Nan mafita, inda kwale-kwale ke sauke kaya. Ƙofar gari uku ce: ta gishiri, ta kanwa, ta baƙi. Marina tana nan, maƙera suna bayanta. Kasuwa kuwa can yamma, a tudu, don kada ruwa ya ci ta."

Yahya ya tsaya a kanta, ya dubi zanen. Inda ta zana gulbi, gonarsa ce. Marinar tana daidai rijiyarsu, maƙeran a wajen rumbuna, kasuwar a gindin tsamiyar da ke yamma da gidan.

Aina'u ta kama ƙafar yarinyar, ta saki da sauri. "Malam, taɓa ka ji."

Ƙafar a jiƙe take, sanyi ƙalau, har idon sawu. Aka goge, ta sake jiƙewa. Washegari jiƙon ya kai gwiwa. Ta daina cin abinci. Ranar Alhamis ya kai ƙugu, kuma Yahya ya fahimci cewa ruwa ne yake hawa, 'yarsa tana tsaye a cikinsa a wani wuri da hannunsa ba ya kaiwa.

Ya hau babur ya tafi Makoda ya ɗauko Malam Abdulƙadir, dattijo mai ƙarancin magana. Suka iso bayan la'asar. Malam ya dubi zanen ya daɗe, ya dubi katanga, ya yi alwala. Da suka idar da magariba, ruwan yana ƙirjinta. Ya zauna a gabanta ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Can sai bakin yarinyar ya buɗe da muryar tsoho, mai kauri.

"Sassauta, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Sha'aban, madugun fataken garin Sansarai. Musulmi ne ni."

"Musulmi ne ke jifan gidan musulmi, ya tsayar da yarinya a ruwa?"

"Tambayi mai gidan. Hanya ɗaya ce daga mafita zuwa kasuwa, ta tsakar gidan nan ta bi. Kudu fadama ce mai haɗiye jaki, arewa maƙabartarmu. Kakansa ya sani, ubansa ya sani. Shi kuwa ya rufe mu saboda akuya. Kwana bakwai muna bakin gulbi, ruwa yana hawa, gishiri yana narkewa. Jikata ta tafi da ruwan shekaranjiya. Na tsayar da tasa a inda tawa ta tsaya."

Yahya ya durƙusa. "Wallahi ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba," in ji muryar.

Malam ya ce, "Me kake nema?"

"A buɗe hanya. A yanka baƙin rago a bakin kafar gabas."

"Hanya haƙƙinku ce, za a buɗe. Yanka kuwa ba a yi wa kowa sai Allah. Idan musulmi ne kai, ka san wannan."

Ruwan ya taɓa wuyan Rufaida, numfashinta ya fara sarƙewa. Aina'u ta toshe bakinta da mayafi.

Muryar ta ce, "To, a bar ragon. Amma ta ga garinmu, Malam. Abin da ido ya gani ba ni da ikon kankare shi."

"Ka yi rantsuwa ba za ka dawo jikinta ba."

"In na ji iskar yamma, na rantse."

Yahya ya ɗauki gatari ya faɗa wa katangar gabas, ya koma ta yamma, hannunsa yana jini bai sani ba. Da bulo na ƙarshe ya faɗi, wata iska mai warin laka da kanwa ta ratsa tsakar gidan, ta kwantar da wutar murhu. Suka ji sawu suna wucewa, da yawa, a hankali. Muryar ta yi rantsuwar, ta yi sallama. Babban yatsan ƙafar yarinyar ya karkaɗa sau uku, ta faɗi a jikin uwarta, jikinta a bushe.

Rufaida ta rayu, ta ci abinci, ta koma makaranta. Awaki suka koma cin harawa, Yahya bai sake korar su ba. Sai dai har yau, in za ta je rijiya daga ɗakin uwarta, ba ta miƙewa. Takan karya dama, ta kewaye abin da babu shi, ta tattare zanenta kada ya taɓa shuni. In ta zo tsakanin kafofin nan biyu sai ta tsaya, ta dubi gabas, ta jira a wuce. Yahya yakan zauna a kan buzunsa yana kallonta, carbi a hannu, bai taɓa tambayarta wa take jira ba.

Allah Ya tsare mu daga sharrin abin da muke gani da wanda aka ɓoye mana. Ya gafarta wa wanda ya rubuta da wanda ya karanta, Ya sa mu cika da imani. Amin.