Muryar Malam a Silin Inna

"Bashira! Ke Bashira, fito ki ga ikon Allah!"

Zayyanu ne ke wannan kwakwazo daga falon sabon gidan da ya gina a Kebbe, waya a hannu, baki har kunne. Matarsa ta fito daga kicin riƙe da ludayi. Ya danna wayar, kiɗa ya tashi a falo. Ya ƙara dannawa, kiɗan ya bayyana a kicin, ya leƙa ɗakinta, ya fito har baranda, alhali ko akwatin rediyo babu a gidan.

"Kin gani? Sifikun na cikin silin, dut na yi konetin ɗinsu da waifai, sola na ba su wuta. Gidan ga da na Tambuwal sistem guda na. Ɗakin da kinka so shi yi waƙa, wanda ba ki so shi yi shiru."

Bashira ta riƙe haɓa. "Yaya, kai dai da son sabon abu! Allah shi sa kada ka sako muna kalangu Inna na cikin salla."

Zayyanu yana da shagon kayan sola a Tambuwal, can kuma gidansa na farko yake. Bayan rasuwar mahaifinsa, Malam Abdulhamidu, sai mahaifiyarsa Inna Hadijatu ta nuna tana son komawa Kebbe kusa da danginta. Dalilin ginin ke nan. Ɗakin da ya fi kowanne girma da sanyi, wanda ya gina da nufin ya zama turakarsa, shi ya sakar mata. Aka yi shawara Bashira ta zauna da ita har ta saba, shi kuma ya riƙa zuwa duk Juma'a. Bashira 'yar Dogon Daji ce, auren bai shekara ba, kuma ba ta riski surukinta a raye ba.

To, Zayyanu ɗan fari ne, kuma Inna mutuniyar dā ce ta ƙin ƙari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama hira da shi, ko yana tsaye a gabanta sai dai ta aika wani ya faɗa masa. Ranar ma haka aka yi. Ta leƙo ƙofa ta dubi Bashira, ba ta ko kalli inda yake ba.

"Ki ce ma wancan, ni ban son garaya bisa kaina."

Zayyanu ya yi dariya, ya ɗan lallatsa waya. "Ki ce ma Inna an kashe na ɗakinta." Washegari ya koma Tambuwal.

Wata ranar Talata bayan la'asar, Bashira na zaune a ɗakin Inna tana tsince mata shinkafa, sai suka ji gyaran murya a bisa kansu. Muryar dattijo ce, mai ɗan kaushi. Ta fara rera begen Annabi a hankali, har da jan numfashi tsakanin baitoci.

Carbin Inna ya suɓuce ya faɗi. Idanunta suka firfito.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam na! Wallahi Malam na!"

 Kafin Bashira ta buɗe baki, begen ya yanke, muryar ta yi tari, sannan ta daka tsawa:

"Kai! Wa ya bar ta ta shigo? Ku fidda ta daga gidan ga! Ba tamu ba ta!"

Ɗif, shiru ya biyo baya. Faifan shinkafa ya kife a ƙasa. Ƙafafun Bashira na cewa gudu, amma ta ga tsohuwa na neman sulalewa daga bakin gado, sai ta rungume ta tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Da hankali ya ɗan dawo, Bashira ta lalubo wayarta ta duba. Babu abin da ke kunne. "Inna, ko sifikun nan na? Bari in kira shi in tambaya."

"Kul!" in ji Inna. "Sifika ta san Malam? Mutumin da ko waya bai taɓa riƙewa ba? Kuma gabanki anka ce an kashe. Kada ki kuskura ki tada mai hankali. In kinka gaya mai, ban yafe ba."

Maganar ba ta kwana ba sai da ta kai kunnen Gwaggo Tambaya, ƙanwar marigayin, wadda gidanta ke bayan nasu. Ita kuwa da ma tun ranar baiko take ƙunƙuni, wai duk 'yan matan dangi Zayyanu ya rasa wadda zai ɗauka sai bare. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Ta zo ta kafa zama a ɗakin, wai sai kunnenta ya ji. Ranar Alhamis kuwa kunnen nata ya ji, tun daga begen har tsawar. Ta yi waje da rarrafe, sai da muryar ta ɗauke ta dawo tana haki.

"Hadijatu, mi kika jira? Yayana ya yi magana daga kabari! Mata nawa ag gidan ga? Ke da yam mutu ya bari, da wagga. To wace ta ba tamu ba?"

Bashira ta durƙusa, hawaye na zuba. "Gwaggo, don Allah mi na yi?"

"Ke ka sani! Ke ka san abin da kinka kwaso daga garinku!"

Inna ba ta tsaya wa Bashira ba, kuma hakan ya fi zagin Gwaggo ciwo. Daga ranar gidan ya canza. Bashira ta dafa abinci, a bar shi har ya huce. Ta gaida Inna, a amsa mata da ka. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar ruwa. Aka kawo malami ya yi tofi, aka turara habbatussauda har ido na yaji, amma bayan kwana biyu muryar ta sake dawowa da tsawarta.

Abin da ya fi cin ran Bashira ba muryar ba ce. Ta san yadda Zayyanu ke son mahaifinsa, ko sunansa aka ambata sai ya sunkuyar da kai. Idan ya ji cewa uban ne da kansa ya ce a kore ta, wa zai zaɓa? Tana tsoron ya sani, tana tsoron rasa shi, ga kuma kashedin Inna a wuyanta. In ya kira ta sai ta share hawaye ta gyara murya.

"Bashira, muryarki ta canza. Lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya. Netwok na."

Ranar Juma'a ya zo ya ga gida tsit, ya tambaya, kowa ya ce ba komai. Ya koma da damuwa, ita kuwa ta raka shi da ido har motarsa ta sha kwana, zuciyarta na raya mata ko rakiyar ƙarshe ke nan.

Duk da haka ba ta fasa abu ɗaya ba. Da an sallame la'asar, lokacin da kowa ke nesa da ɗakin, ita sai ta shiga ta zauna kusa da Inna. Tsohuwar ta ƙi barin ɗakin, ta ce ba ta guje wa Malam yana raye ba, ba za ta guje masa yanzu ba, amma jikinta ya ƙi yarda da bakinta, kullum sai ƙara ramewa take. Wata rana ta dubi Bashira ta ce, "Ke da aka kora, mi ka kawo ki nan?"

"Inna, in kin faɗi, wa zai tare ki?"

Inna ta kau da kai.

Gwaggo Tambaya ce ta gaji da jira. Ta kira Zayyanu ta ce ya zo maza, maganar gaggawa ce. Ya baro shago ya iso bayan azahar, ya tarar da akwatunan Bashira a baranda, ita kuma tana tsugune a gefe idanu sun kumbura. Inna na ƙuryar ɗaki, kunya da tsoro sun hana ta fitowa.

"Gwaggo, mi ya faru?"

"Matakka za ka saki. Tun da tash shigo gidan ga ba mu ga alheri ba. Abin da kunnuwanmu sunka ji ya fi ƙarfin a faɗi. Uwarka ba ta iya gaya maka, shi ya sa ni nika faɗi."

"Laifin mi ta yi?"

"Kai, ni kaka yi ma tambaya? Ko ka sallame ta yau, ko ka rasa uwarka. Zaɓi!"

Ya juya ga matarsa. "Bashira, ke gaya min."

Ta buɗe baki, ta tuna "ban yafe ba," ta rufe. Kuka kawai ya ƙwace mata. Ta ja jiki ta shige ɗakin Inna, don la'asar ta kawo jiki, Gwaggo ta bi ta tana masifa.

Zayyanu ya fita. Ya yi salla a masallacin unguwa, ya dawo ya shiga motarsa a ƙofar gida ya kifa kai a sitiyari. Gaba kura baya sayaki. Akwai wani abu da yakan yi in duniya ta yi masa zafi, wanda bai taɓa gaya wa kowa ba, don gudun kada a ce namiji guda yana kukan maraici. Watanni kafin rasuwar mahaifinsa, ya taɓa ɗaukar muryarsa a waya a ɓoye, dattijon na zaune a tsohon gidansu yana tufkar igiya yana bege. Tun da Bashira ta tare a Kebbe kaɗaici ya dame shi, in ya dawo daga la'asar sai ya kulle turakarsa ta Tambuwal ya kunna. Bai cika kaiwa ƙarshe ba, kuka ke sa shi kashewa.

Ya lalubo muryar ya danna. Wayar ba ta ce komai ba. Sai daga cikin gida ya jiyo begen mahaifinsa, tare da kururuwa.

Ya faɗa gidan a guje. A ƙofar ɗaki suka yi karo da Gwaggo, ba ɗankwali ba takalmi, tana ihun "Ya dawo! Ya dawo!" A ciki ya ga Inna ta sandare, Bashira ta ƙanƙame ta tana salati. Tsawar ta sauko daga silin:

"Ku fidda ta daga gidan ga! Ba tamu ba ta!"

Wannan karon ba wanda ya kashe. Sai aka ji "Meeee!" da ƙarar kwano ya kife, sannan muryar Zayyanu da kansa: "Baba, akuyar gidan Lauwali ta." Dattijon ya ƙyalƙyale da dariya. "To kore ta, ta cinye muna dawa. Allah shi yi maka albarka."

Zayyanu ya dubi wayar, ya dubi silin, sai ya gane. Ɗakuna biyu ne a sistem ɗin masu suna Turaka, na Tambuwal da wannan. Ranar da ya ce ya kashe na Inna, ashe cire shi ya yi daga jerin ɗakunan Kebbe ya haɗa shi da ɗan'uwansa. Duk abin da ya kunna can, nan ma sai ya fito.

"Inna, ki gafarce ni. Ni na. Ni ka sauraren shi in kewa ta dame ni, kunya ta hana in gaya ma kowa."

Ya juya ga Bashira. "Wannan kinka ɗauka ke kaɗai? Don mi ba ki gaya min ba?"

"Inna ta hana. Kuma na ji tsoro, Yaya. Na zaci in ka ji shi ya ce, bin shi za ka yi."

Gwaggo ta leƙo daga bakin ƙofa, ido ya raina fata. "Akuya? To ai ni ma da ma na ce a bincika..." Ta tattara takalmanta ta sulale.

Inna ta daɗe tana kuka. Sannan ta kamo hannun Bashira ta riƙe gam.

"Ɗiyata, na ji an ce a kore ki, ban tsaya miki ba. Ke ko kullum kina nan kina tare ni, kina jin ana korar ki. Ƙanwar Malam ta gudu ta bar takalmi, ke kin tsaya. Ki yafe min don Allah."

"Inna, ba ki yi min komai ba."

"Na yi. Ce kin yafe."

"Na yafe, Inna."

Kunya ado ce, ba wanda ya musa, amma in ta kai ga uwa ta kasa tambayar ɗanta, ɗa ya kasa buɗe cikinsa, to baƙon da ke tsakaninsu ne ke shan wuya. Zato ya kusa rusa auren da ba shi da laifi, haƙurin yarinya ɗaya ya tare shi.

Inna ta share fuska da gefen mayafi. A karo na farko tun yana yaro, ta ɗago ido ta dubi ɗanta kai tsaye, ba ta aika kowa ba.

"Tashi ka maida kayan matarka ɗakinta da hannunka. Gidan ga nata na. In dai ina da rai, ba mai fidda ta."